Aikin Lafiyar Haihuwa a Tsakanin Matan Gudun Hijira: Nasiha ga Matasan Paikon Kore

Paikon Kore gari ne a ƙaramar hukumar Gwagwalada, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, kuma an san shi da noma da makiyayar da gwamnati ta keɓe wa masu shanu a yankinsa. Matashin da ya tashi a nan yana kusa da abubuwa biyu waɗanda ba ko'ina suke haɗuwa ba. A cikin Gwagwalada akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da makarantun koyon aikin jinya da na ungozoma, sa'an nan a gefen birnin Abuja, a wurare irin su Durumi da Sabon Kuchingoro da Wassa, akwai dubban mutanen da rikici ya koro daga garuruwansu, akasarinsu daga Gwoza da Bama ta jihar Borno, garuruwan da Boko Haram ta mamaye a watannin Agusta da Satumba na 2014. Bayansu kuma an sami waɗanda 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Kaduna da Neja, waɗanda da yawansu ba su shiga wani sansani ba, sun dai raɓe a gidajen dangi da kangwaye da gefen gonaki. Wannan nasiha domin 'yan mata da samarin da ke tunanin aikin lafiya ce, musamman waɗanda zuciyarsu ta karkata ga halin da mace mai ciki ke shiga idan gudu ya raba ta da gidanta.

Kiwon lafiyar al'umma ya bambanta da aikin likitan da ke zaune a ɗakin duba marasa lafiya, domin shi likitan yana jiran wanda ya zo ne, alhali ma'aikacin lafiyar al'umma yana tambayar su wane ne ba su zo ba, da abin da ya hana su zuwa, da yadda za a kawar da shi. Lafiyar haihuwa kuwa, kamar yadda taron duniya kan yawan jama'a da aka yi a Alƙahira a 1994 ya shimfiɗa ta, ta haɗa awon ciki da haihuwa da jego, da tazarar haihuwa, da cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, da kula da wadda ta yi ɓari ko aka yi mata fyaɗe. Game da gudun hijira kuma, a shari'ar ƙasa da ƙasa akwai bambanci tsakanin wanda ya tsallaka iyakar ƙasarsa da wanda ya yi gudu a cikin ƙasarsa. Na farkon yana ƙarƙashin Yarjejeniyar Geneva ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969, kuma hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, wato UNHCR, tana da hurumi a kansa. Misalinsa 'yan Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka tsallaka iyaka suka shiga jihar Maraɗi tun daga 2019, aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makaho da Chadakori, ko 'yan Kamaru da suka shigo jihohin Kuros Riba da Binuwai da Taraba tun daga 2017. Na biyun kuwa nauyinsa yana wuyan gwamnatin ƙasarsa, bisa Yarjejeniyar Kampala ta 2009 wadda Najeriya ta amince da ita. Sanin wannan bambanci yana da amfani ga ma'aikaci domin ya san ƙofar da zai buga idan yana neman magani ko kuɗin tiyata, amma naƙuda iri ɗaya ce a wurin matan biyu.

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya fahimta shi ne abin da mace take rasawa idan ta yi gudu, domin asarar ta wuce ta ɗaki da tukunya. A garinsu, mai cikin fari tana komawa gidan iyayenta goyon ciki, mahaifiyarta da gwaggonninta suna lura da kumburin ƙafarta da hasken fuskarta, ungozomar unguwa ta san tarihin haihuwar danginta, akwai akuyar da za a sayar ko buhun hatsin da za a kai kasuwa idan tafiya asibiti ta kama, akwai kuma mai mota ko mai babur da za a tasa da tsakar dare ya ji nauyin ƙin tashi. Duk wannan tsari ne na kariya, ko da ba a rubuta shi a takarda ba, kuma gudun hijira yana rushe shi a yini ɗaya. Mace takan tsinci kanta cikin baƙin mutane, mijinta ya rasu ko ya ɓace ko ya tafi ci-rani neman abin sakawa a baki, ba ta san hanyar asibiti ba, ba ta jin harshen ma'aikatansa sosai, kuma kunyar da aka tarbiyyantar da ita a kanta, wadda ke hana mai cikin fari faɗin cewa naƙuda ta fara, tana nan tare da ita ba tare da tsofaffin da suka saba karanta shirunta ba.

Masana biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, sun bayyana a 1994 cewa mutuwar mata a wajen haihuwa tana biyo bayan jinkiri iri uku: jinkirin yanke shawarar neman taimako, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawar da ta dace bayan an isa. A wurin matar gudun hijira kowane ɗayansu yana ƙara tsawo. Ba a yanke shawara da wuri domin wanda zai ba da izini ko kuɗi ba ya nan, ba a isa da wuri domin matsugunin yana bayan gari inda abin hawa ke wuya da dare, kuma idan an isa sai a tarar ana neman katin awo da kuɗin safar hannu da wanda zai ba da jini, ita kuwa ba ta da ko ɗaya. Wanda ya riƙe wannan bayani da kyau ya riƙe rabin aikin, domin yawancin abin da zai yi a rayuwarsa ta aiki rage waɗannan sa'o'i ne. Kuma ƙasar da zai yi aikin a cikinta tana da nauyi tun kafin a zo maganar gudun hijira: binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 suna mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma kashi 39 cikin ɗari kacal na haihuwa ake yi a asibiti, adadin da ya faɗo zuwa kashi 16 a Arewa maso Yamma.

Bayan taron Alƙahira, hukumomin agaji sun kafa kwamitin haɗin gwiwa a 1995 wanda ya tsara mafi ƙarancin ayyukan lafiyar haihuwa da dole a fara a cikin sa'o'i 48 na farkon kowace masifa, tun kafin a tsaya dogon bincike. Tsarin ya ƙunshi naɗa wanda zai haɗa kan masu aikin, da kare mata daga fyaɗe tare da kula da waɗanda abin ya faɗa wa, da hana yaɗuwar cutar ƙanjamau, da tabbatar da haihuwa mai tsabta da hanyar kai wadda ta shiga haɗari babban asibiti dare da rana, da samar da hanyoyin tazarar haihuwa. Ana aiki da ƙiyasin cewa kusan kashi 4 cikin ɗari na jama'a mata ne masu ciki, kuma kusan kashi 15 cikin ɗari na masu cikin za su gamu da matsalar da ke iya halaka su. Ma'anarsa, a matsugunin mutum 10,000 akwai masu ciki wajen 400, kuma wajen 60 daga cikinsu za su buƙaci taimakon gaggawa, ba tare da an san ko su wane ne ba sai abin ya zo. Wannan lissafi ne yake gaya wa ma'aikaci yawan ƙunshin haihuwa da zai nema, wato sabulu da leda mai tsabta da sabuwar reza da zaren ɗaure cibiya da safar hannu, kuma shi ne hujjarsa idan ya tsaya gaban hukuma yana neman mota.

A cikin abubuwan da ke kashe mata, zubar jini bayan haihuwa ya fi cancantar dogon nazari, domin yana iya gamawa da mace mai lafiya a cikin sa'o'i biyu, kuma ido yana yaudarar ungozoma wajen ƙiyasta yawan jinin da ya zuba a kan zane. Allurar oksitosin, wadda ke sa mahaifa ta tsuke, ita ce maganin farko, sai dai tana lalacewa idan ba a ajiye ta a wuri mai sanyi ba, shi ya sa a inda babu wutar lantarki ake dogara da ƙwayar misoforostol wadda ke jure zafi. A 2023 an wallafa sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. An shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai aljihu da ma'auni domin a ga ainihin jinin da ya zuba, sa'an nan da zarar ya kai iyaka a yi duk matakan magani a lokaci guda maimakon a gwada ɗaya a jira a gani, kuma wannan ya rage mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kusan kashi 60 cikin ɗari. Ɗalibar da ke Paikon Kore ta lura da cewa ilimin da duniya ke koyi da shi yanzu an samo wani ɓangarensa ne a ɗakunan haihuwa na ƙasar nan, a hannun matan da suka yi karatu a makarantu irin waɗanda take shirin shiga.

Bayan jini sai jijjiga, wadda hawan jinin ciki ke haifarwa, kuma ana iya gano ta tun da wuri da na'urar awon jini da gwajin fitsari, a kuma tare ta da allurar magnesiyam salfet. A wurare da dama ana ɗaukar ta a matsayin bugun iska a nufi mai ruƙiyya, kuma ma'aikaci mai hankali ba ya tsayawa jayayya da imanin mutane a lokacin da mace ke kwance, yana roƙon a haɗa addu'a da tafiya asibiti. Doguwar naƙuda ita ce uwar yoyon fitsari, lalurar da likita Kees Waaldijk ya shafe shekaru da dama yana ɗinkewa a Babbar Ruga ta Katsina tun daga shekarun 1980, kuma akwai cibiyoyinta a Asibitin Murtala na Kano da Ningi da Danja kusa da Maraɗi. Wajibi ne ma'aikaci ya san waɗannan wurare, domin mai yoyon fitsari a sansani takan ɓuya a bayan tanti ba ta shiga layin abinci, sai an neme ta. Sauran ayyukan, irin su maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga wata na huɗu, da gidan sauro, da ƙwayar ƙarin jini, da allurar rigakafin sandarewar jarirai, sanannu ne kuma kowace makarantar lafiya tana koyar da su.

Akwai sashen aikin da ba a cika koyar da shi yadda ya kamata ba, wato kula da wadda aka yi wa fyaɗe, a kan hanyar gudu ko a hannun masu garkuwa ko a cikin matsugunin kansa, inda wani lokaci mai rabon abinci ke amfani da yunwar mace. Maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin sa'o'i 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin sa'o'i 120, saboda haka duk abin da ya sa mace ta ji tsoron zuwa ya cinye mata waɗannan sa'o'i. Abin da ke sa ta zo ko ta ƙi shi ne labarin da ta ji game da bakin ma'aikatan wurin. A matsugunin da kowa ya san kowa, magana ɗaya da ma'aikaciya ta saki a wajen biki tana iya kashe auren mace ko ta hana yarinya samun miji, kuma daga ranar babu wadda za ta ƙara zuwa. Don haka riƙon sirri yana daidai da iya allura a muhimmanci, kuma wanda ya san bakinsa ba ya riƙe magana gara ya nemi wani fannin. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 tana aiki kai tsaye a Babban Birnin Tarayya, ya kamata ma'aikaci ya san abin da ta tanada, ya bayyana wa babbar mace zaɓin da take da shi ba tare da ya tilasta mata kai ƙara ba, ya kuma san cewa hukuncin ƙaramar yarinya dabam ne domin kare ta wajibi ne.

Tazarar haihuwa ma tana buƙatar irin wannan natsuwa. Mutanen da suka binne 'ya'yansu a hanya suna iya jin maganar a matsayin yunƙurin rage su, kuma ba su da laifi idan suka yi zargi. Abin da ya fi karɓuwa shi ne bayani a kan hutun mahaifa da lafiyar yaron da ke goye, tare da shigo da miji da malamin unguwa ko limamin coci cikin zancen, a kuma bar wa mace zaɓinta. A nan samari suke da babban gurbi, domin maigida ya fi sakin jiki da namiji ɗan'uwansa, kuma yawancin jinkirin farko a zauren maza ake yin sa.

Hanyoyin shiga wannan aiki suna da yawa, kuma dukkansu suna farawa daga kyakkyawan sakamako a darussan kimiyya da lissafi da Turanci a jarrabawar kammala sakandare. Akwai kwalejojin kimiyyar lafiya da ke horar da ma'aikatan lafiyar al'umma, akwai makarantun jinya da na ungozoma, akwai karatun likita, sa'an nan daga baya akwai digiri na biyu a kiwon lafiyar al'umma a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano. Tun daga 2014 Najeriya tana da manufar da ta ba ma'aikatan lafiyar al'umma da aka horar damar yin wasu ayyukan da a da sai ungozoma ko likita, saboda haka wadda ba ta sami gurbin karatun likita ba kada ta ɗauka an rufe mata ƙofa. Shawarar da ta fi nauyi a nan ita ce a fara da aikin hannu kafin aikin ofis. Ana samun matasa masu gaggawar zama jami'an shiri a ƙungiyoyin agaji, da kwamfuta da mota mai tambari, alhali ba su taɓa kwana a ɗakin haihuwa ba, kuma irin waɗannan sukan tsara shirin da ke da kyau a takarda amma ya manta cewa asibitin da suka rubuta yana rufewa da la'asar. Shekarun da aka yi ana karɓar haihuwa a ƙaramin asibiti su ne suke koya wa mutum tambayar da ya kamata ya yi idan ya zama mai tsara manufa.

Harshe ma kayan aiki ne. Yaron da ya tashi a yankin Gwagwalada, inda ake jin Gbagyi da Bassa da Fulatanci da Hausa a kasuwa ɗaya, ya riga ya saba da zama cikin harsuna, kuma wannan gata ne da bai kamata ya raina ba. Matan Bama Barbarci da Larabcin Shuwa suke yi, na Gwoza suna da harsunansu na tsaunukan Mandara irin su Glavda, kuma tsofaffinsu da dama Hausarsu ta ciniki ce wadda ba ta isa bayanin ciwon mara ba. Idan dole a nemi tafinta, a nemi mace babba wadda mai ciwon ta yarda da ita, kada a sa ɗanta ko ɗan maƙwabta ya fassara abin da ya shafi al'aurarta. Wanda ke da burin aiki a Maraɗi ko Diffa ko sansanin Minawao na Kamaru ya ƙara da Faransanci.

Sai maganar ƙididdiga, wadda ita ce ta raba wannan fanni da sauran. A tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, suka nuna a fili cewa matan da ba su yi awo ba, waɗanda aka kawo bayan abu ya ɓaci, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba, kuma wannan aiki yana cikin abubuwan da suka jawo hankalin duniya ga mutuwar mata a wajen haihuwa. Littafin rajista da aka cika da gaskiya yana da irin wannan ƙarfi ko a ƙaramin asibiti. Jarrabawar da ma'aikaci zai gamu da ita ita ce matsin lambar ƙara adadi domin mai ba da tallafi ya ji daɗi, ko ɓoye mutuwa domin kada a zargi asibiti. Najeriya tana da tsarin bitar kowace mutuwar mai haihuwa da ta jariri, wanda aka gina bisa sharaɗin ba a kama suna ba a ɗora laifi, domin a gano inda aka yi jinkiri a gyara. Matar da ta rasu a kango ba tare da an rubuta ta ba ta fita daga wannan bita, kuma abin da ya kashe ta yana nan yana jiran ta gaba. Mutanen da ba sa cikin sansani su ne suka fi faɗawa wannan rami, domin ba su da katin rabo kuma ba sa cikin lissafin kowa.

Wajibi ne kuma matashi da iyayensa su san haɗarin aikin tun kafin ya sa ƙafa. A ranar 1 ga Maris 2018 aka kai hari Rann a jihar Borno aka sace ma'aikatan lafiya mata, daga cikinsu ungozomomi biyu masu aiki da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya, Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, waɗanda aka kashe a watannin Satumba da Oktoba na shekarar, Allah ya jiƙansu. Bin ƙa'idar tsaro da sanar da iyaye inda aka tura mutum ba tsoro ba ne, kuma babu abin kunya idan ma'aikaci ya nemi wanda zai yi magana da shi bayan ya ga abin da ya hana shi barci. Albashin ƙungiyoyin waje ma ba abin jingina ba ne: a farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta na ƙetare, ayyuka da dama suka tsaya a Arewa maso Gabas, kuma tun daga 2021 gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin Maiduguri tana mayar da mutane garuruwansu. Ma'aikacin da ke da rajista da hukumar sana'arsa da ƙwarewar hannu yana iya komawa asibitin gwamnati ya ci gaba da kula da matan nan, domin a ƙarshe asibitocin matakin farko ne suke ɗaukar nauyinsu bayan ƙungiyoyi sun naɗe kayansu.

Ba sai an sami takardar ɗaukar aiki ake fara koyo ba. Ɗalibar da ke hutu tana iya neman izinin shugabar asibitin da ke kusa da ita ta riƙa taimakawa ranar awo, ta kuma nemi mai unguwa da shugabar mata su nuna mata gidajen da baƙi suka sauka, a rugage da bayan gari, ta san masu cikin da ke wurin da watan haihuwarsu ta haɗa su da ma'aikatan asibiti. Samari suna iya zuwa a gwada rukunin jininsu su zama waɗanda za a kira idan an buƙaci ƙari, su kuma zauna da direbobin tasha a tsara wanda zai amsa waya da dare, kamar yadda aka yi a wasu jihohin Arewa tare da ƙungiyar direbobi ta ƙasa, inda aka horar da direbobi ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti. Abin da ya rage a irin wannan shiri shi ne kuɗin mai, kuma ana iya tanadarsa ta asusun unguwa da ake zuba kaɗan-kaɗan a ajiye a hannun wanda jama'a suka amince da shi, bisa sharaɗin cewa baƙuwar da ba ta zuba komai ba ita ma za a ɗauke ta.